Shekarar da Kurma Ta Ci Farin Inna

Yanzu na iso shekarar da ruwa ya dawo bayan dogon farin nan, kuma a nan zan ɗan zauna, don gutsure-gutsurenta kawai kuka taɓa ji. Kada ku tambaye ni lissafinta na Bature, ban riƙe ba. Abin da na sani shi ne yayanku babba yana goye, ko rarrafe bai fara ba, ni kuma ban daɗe da barin gidan mahaifina a Safana ba, gidan allo da tawada, aka kawo ni ƙauyenmu na bakin daji, can gaba da Babban Duhu ta wajen ƙasar Batsari. Gidan ba jama'a. Daga kakanku Baba Nomau, sai kakarku Inna Tarana, sai mahaifinku da suke kira Auta, sai ni da ɗan goyona. Yayyen mahaifinku sun tafi cirani kudu tun farkon yunwa, ko saƙon baki ba mu samu ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da gidan, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna muku ba. Kakanninku asalinsu Maguzawa ne. Baba ya musulunta mahaifinku yana yaro, ya fasa tukwanen giya, ya tumɓuke abin da ake yi wa yanka a bayan ɗaki, ya zama shi ke riga kowa zuwa masallaci. Duk da haka in an yi gardama a dandali, akwai mai cewa, “Ku ƙyale shi, jiya-jiya ya zo.” Baba yana jin wannan kamar ƙaya a tafin ƙafa. Auren da aka yi tsakanina da ɗansa, ni ’yar malami, shi ne babban abin da yake tinƙaho da shi.

Damina biyu a jere gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Mun ci dusa, mun ci tafasa da yaɗiya, mun tona gidan tururuwa mun kwashe abin da suka tara. Awaki suka tafi, jaki ya tafi, tasoshin aurena suka bi su, daga ƙarshe har bindigar kirki ta gidan, ƙirar maƙeri mai cin kan ashana, aka kai ta kasuwa aka dawo da tsaba. Abu ɗaya Inna ta hana a taɓa, irin gero. Ta zuba shi a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta, ta kwanta a kai. Da ruwa ya sauka aka fasa tulun. Ƙarfin mahaifinku bai wuce gona ɗaya ba, sai ya zaɓi ta gindin dutse, mai jan ƙasa, wadda ta fi kowace kusa da daji. Geron ya yi kyau irin wanda ke ba mutum tsoro. Ya fitar da kai, ya yi bununi, ya fara ido. In wannan gonar ta kai kaka mun tsira. In ba ta kai ba, babu wani tulu a ƙarƙashin wani gado, kuma nonona ya riga ya fara ɗaukewa.

To ashe ba mu kaɗai muka sha yunwa ba. Gwaggon birai suka fara saukowa daga dutse garke guda, da sanyin safiya da kuma bayan la’asar. Ba ci ne ya fi ɓarna ba, karya. Biri zai karya zangarniya, ya gatsa sau ɗaya, ya yar, ya kama wata. Gadu kuma, aladen daji, ya bi ta ƙasa yana tumɓuke tushe. Mahaifinku ya gwada gwangwani da majajjawa, suka ja baya kwanaki kaɗan, daga nan suka gane. Ya ce akwai wani babba a cikinsu da ke zama kan suri yana kallonsa yana susa. Shi ya sa aka sauko da Kurma daga rataye.

Ku da kuka saba ganin bindigogin maharban yanzu ba za ku gane Kurma ba. Doguwa ce, in an tsayar da ita ta wuce kafaɗar mahaifinku, ga nauyi kamar taɓarya biyu. Ba ta da ƙanƙarar ƙyasta wuta, ba ta cin kan ashana. A gefenta akwai wani ɗan cokalin ƙarfe mai marufi, shi ake kira kunne, daga cikinsa wata ’yar ƙofa kamar kafar masilla ta shige ciki inda ɗurin albarushi yake. Sama da kunnen akwai lanƙwasasshen ƙarfe kamar wuyan balbela, a bakinsa ake maƙala igiya mai ci da wuta. In an ja kunama, wuyan ya sunkuyo ya dangwala garwashin igiyar cikin garin albarushin da ke kunne, wuta ta bi ƙofa ta shiga ciki. Shi ke nan dabararta. Baba ya ce kakansa ya same ta hannun wasu fatake daga arewa, tun a lokacin ma tsohuwa ce. Sunan kuwa ta samo shi ne don a kunne ake raɗa mata wuta, in ta ga dama ta ji.

Baba ne ya san ta, amma yanar ido ta rufe masa gani, ko ƙofar zaure sai da lalube. Mahaifinku kuwa manomi ne, bai taɓa sha’awar farauta ba. Ni kuma, in faɗa muku gaskiya, har yau ban taɓa ganin an harba Kurma da idona ba. Kun san ni da zaman gida. Da kunne na san ta. Gonar ba ta da nisa, in iska ta juyo ana jin tarin mutum daga can. Ina bakin murhu zan ji ɗayan uku. Wani lokaci shiru kawai, sai haushin birai, wannan igiya ce ta mutu. Wani lokaci in ji fus, kamar an watsa ruwa a kaskon suya, daga nan babu komai. Wani lokaci kuma fus, sai a yi jim, har na ɗauki ludayi, sannan dum. Wannan na ƙarshen ya fi ba mahaifinku haushi, don kafin ta amsa ya riga ya sauke ta daga kafaɗa. Ran nan wata bishiyar kuka ta zuba wa harsashin.

Ya dawo ya jingina ta da bango ya ce, “Baba, wannan ba bindiga ba ce. Sanda ce mai rami.”

Baba ya ce, “Ta kori mahara tun ba a haifi ubanka ba. Kai ne ba ka iya yi mata magana ba.”

Inna tana tsince tafasa, ba ta ɗago ba, ta ce, “Gadon gida ne. Ku duka ukun sai an maimaita maku magana.”

Daga ranar Baba ya zaunar da shi a tsakar gida, ni ina ɗaki ina ji. Ya ce garin da ake zubawa a kunne ba irin na ciki ba ne, sai an murje shi a hankali da dutse a kan akushi, kada ƙarfe ya kusance shi, har ya yi laushi kamar kwalli. A shanya shi da rana tsaka, a zuba a ƙahon gada a toshe, a sa a hammata cikin riga, don raɓar damina ba ta bar komai ba, ɗumin jiki ne kaɗai maganinta. Kada a zuba a kunne tun daga gida, sai an zauna. Kada a cika shi har ya binne ƙofar, wuta ba ta son a toshe mata hanya. A tsokane ƙofar da ƙayar aduwa kafin harbi da bayansa. A hure tokar kan igiya kafin a buɗe marufi, ba bayan an buɗe ba, in dai mutum yana son girarsa. A zauna ta inda iska za ta kwashe hayaƙi ta yi gida da shi, don gadu makaho ne amma hancinsa malami ne. Yana faɗa yana lalubar bindigar da yatsu, kamar mai duba haƙoran doki.

Wannan ya gyara rabi. Fus ɗin banza ya ragu. Amma igiya ta ƙi. Ta asali da aka ajiye tare da Kurma asu ya cinye ta tun tuni. Aka tufka ta rama, tana tartsatsi tana mutuwa. Aka gwada ɓawon kuka, ya yi toka tuli, garwashin ya ɓuya a ciki. Na yage tsohon zanena na kanti, ya ci da sauri kamar ciyawa, ga wari, birai suna jin sa tun daga dutse. Baba ya ce ba a yi wa Kurma igiya sai da zaren auduga kaɗin hannu, shi ke riƙe wuta a hankali, ya yi garwashi mai tauri. To auduga a ina? Wa ya shuka auduga a shekarun da ake tonon gidan tururuwa? Mazarin kowace mace a garin yana rataye ya yi ƙura. Aka tambaya gida-gida, aka aika har garin Zakka, ko sili. Kafin nan birai sun gama da kusurwar gonar ta gabas, sun fara shiga tsakiya.

Akwai zaren auduga a gidanmu, kowa ya sani, ba wanda ya furta. Inna tana da farinta, wato likkafaninta. Tun da ta musulunta ta ce ita ba za a rufe ta yadda aka rufe uwayenta ba, da farin Musulmi za ta tafi. Ta noma audugar a gayaunarta, ta gurza, ta shiɓa, ta kaɗa da hannunta shekara da shekaru, wani masaƙi a Zakka ya saƙa mata, aka ɗinka, da kallabi da riga da zane da manyan mayafai, babu abin da ya rage. Yana cikin lefe da kajiji. Duk ƙarshen damina sai ta fito da shi ta shanya, ta kira mata su gani. Gwaggo Hajo, mai wankan gawar mata a garin, ta taɓa murza shi tsakanin yatsu ta ce ko matar hakimi iyaka ke nan. Inna ta yi shekaru tana maimaita wannan magana.

Wata rana da hantsi mahaifinku ya dawo da zangarniyoyi karyayyu rungume a ƙirji, ya zube su a gabanmu. Inna ta dube su. Ta dubi ƙafafun yayanku da ke leƙowa daga goyo, sirara kamar tsinken tsire. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da lefen.

Ta ce, “Ɗiyar malam, matso. Ke kika tashi gindin allo. Wanga ƙyalle, tun ba a sa mutum ciki ba, mi ne sunanshi?”

Na ce, “Inna, ni karatuna bai yi nisa ba. Amma yadda na taso ina ji, sai an naɗe mamaci yake zama likkafani. Kafin nan fari ne kamar kowane fari.”

Ta ce, “To fari ne. Miƙo mani aska.”

Baba ya ji ƙanshin kajiji, ya miƙa hannu ya taɓa, ya gane. Ya janye hannunsa ya ce, “Tarana, kin san garin nan. In aka ji an sa zaren likkafani a bindiga, ba mai cewa don gero ne. Cewa za a yi Nomau ya koma gidan jiya, ya haɗa wa bindigarshi tsafi da kayan matattu. Ko sahu ba za a sake haɗawa da ni ba. Malam kuma ya aiko a ɗauke ɗiyarshi.”

Ta ce, “To kada a ji.”

“In kin mutu fa?”

“Bana ba ni da niyya. Baɗi a shuka auduga in sake kaɗi. Yatsun nawa ba su tafi cirani ba.”

Mahaifinku ya ce shi ba zai iya riƙe wuta a jikin abin da za a rufe uwarsa da shi ba. Ta ce masa, “Auta, ni na haife ka ko kai ka haife ni?” Maganar ta ƙare a nan. Baba ya sa kowannenmu ya yi alkawari, har ni, cewa abin ba zai fita ƙofar zaure ba, ko ga iyayena.

Da kallabin muka fara. Muka farke ɗinki, muka warware saƙar sili-sili, muka haɗa zaren muka tufka a cinya har ya kai kaurin ƙaramin yatsa, ba a matse sosai ba, ba a sake ba. Sai jiƙo. Ana jiƙa igiyar a ruwan toka, irin wanda muke tacewa don miya, kuma Inna ta ce tokar karan gero ce kaɗai ta yarda da ita. Kara kuwa dabbobi sun cinye shi tun bara, har na danga. Ta leƙa ɗakina ta dubi gadona na kara, na aure, ta ce, “Ɗiyar malam, ke yarinya ce, ƙasa ba ta yi maki komi.” Muka ƙone gadon. Na yi wata da watanni a tabarma. Ta tace tokar a fasasshiyar ƙwarya, tana ɗanɗanawa da harshe kamar mai gyaran miya. In ya yi kaifi igiya za ta yi tartsatsi ta ci da sauri, in ya yi salam za ta mutu a hanya. Da ya yi mata daidai muka tsoma, muka matse, muka shanya a cikin ɗaki inda ba mai gani, a kwance, don in an rataya ruwan zai gangara gefe ɗaya. Da ta bushe Baba ya sa aka kunna guntu aka ba shi. Ya kai kusa da kunci yana jin zafin, ya kaɗa hannu, garwashin bai faɗi ba. Ya tambaye ni kamanninsa. Na ce ja ne, mai tsini kamar bakin zakara. Ya ce, “Ita ce.”

Washegari da sanyin safiya ina hura wuta na ji ta. Ba fus, ba jim. Ƙara ɗaya, dunƙulalliya, har kajin maƙwabta suka watse. Baba yana alwala, ya tsaya da buta a hannu ya ce, “Ta ji.” Inna ta ce in ci gaba da abin da nake yi, wuta za ta mutu. Gadu ne ya faɗi ranar. Mu dai mun bar cinsa, sai aka aika wa Arziki, wani abokin Baba na ƙuruciya da ke can unguwar da ba su tuba ba. Ya zo da ’ya’yansa suka ɗauka, ya aiko da albarushi cikin gora, yana tsokanar Baba wai in ya yi marmari ya zo da duhu ba mai gani. Bayan kwanaki babban birin nan mai susa ya bi sahu. Garken ya koma dutse, amma ba su bar leƙowa ba. Duk ranar da ba su ji warin wuta a gonar ba sai su sauko.

Ga inda tsadar take. Kurma tana cin igiya ko ta harba ko ba ta harba ba. Muddin mutum yana zaune gadi, dole wuta tana ci, kuma baki biyu ake kunnawa, don in harbi ya kashe ɗaya a juya ɗayan. Safe da yamma, kullum, har gero ya nuna. Kallabi ya ƙare, muka shiga riga. Riga ta ƙare, muka kama mayafi. Mahaifinku yana ganin lefen yana ramewa, sai ya yi dabara bai gaya wa kowa ba. Ya riƙa tafiya da garwashi a kasko, ya bar igiyar a kashe, wai sai ya hango su ya kunna. Ni na fara ganewa, don na ji safiya ta wuce ba ƙara, sai haushin birai da muryarsa yana kora da baki. Sabuwar wuta ba ta yin tsini nan take. Kafin ya hura, ya maƙala, ya gyara tsawon, sun shiga sun fita. Ranar sun kwantar da kunyoyin gero da yawa ta wajen dutse. Da ya dawo Inna ta karɓi igiyar ta auna da kamu, ta ga yadda ta ba shi haka ya dawo da ita.

Ta ce, “Wa kake yi wa tattali?”

Ya ce, “Inna, saura kaɗan a lefen.”

Ta ce, “Na ƙona rabi don in tsira da gero. In ka bar geron ya tafi, ka ga na yi biyu babu. Ka kunna ta tun daga ƙofar gida, in ga hayaƙin da idona.”

Haka ya riƙa yi. Tana zaune bakin zaure da safe, ya wuce ta da igiya naɗe a hannu tana hayaƙi, ta ce masa a dawo lafiya.

Aka yi girbi. Ba a samu yadda aka so ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ya tafi ga birai, amma abin da aka ɗaure ya cika rumbu ɗaya har aka sa wasu dammuna a ɗakin Inna. A lefe kuwa abin da ya rage zane ɗaya ne da rabin mayafi. Aka goge Kurma da man gyaɗa aka mayar da ita rataye.

Akwai abin da na lura da shi a shekarar, ban san ko likitoci sun san shi ba. Tsofaffi da yawa da suka jure yunwar, sabon hatsi ne ya tafi da su. Ciki ya manta aiki. Inna ta sha furar sabon gero kwana kaɗan, sai zawo, sai ta kwanta. Ba ta daɗe ba. Ta cika wata safiya bayan an sha kunu, kanta a cinyata. Ba ta bar wata wasiyya ba. Maganarta ta ƙarshe da na fahimta, cewa ta yi a rufe rumbu da kyau saboda ɓera.

Gwaggo Hajo ta zo da ’yan taimakonta, aka yi wanka. Ta ce, “Amarya, ɗauko mana farin nan nata.” Na ɗauko lefen na ajiye. Ta buɗe, ta ɗaga zanen, ta ɗaga rabin mayafin, ta zazzage lefen, kajiji ya zubo.

Ta ce, “Ina sauran?”

Na ce, “Shi ke nan abin da ke akwai.”

Ta ce, “Yarinya, da hannuna na taɓa shi. Har da kallabi.”

Na sunkuyar da kai. Ta fita zaure ta tambayi maza. Mahaifinku ya dubi Baba, Baba ya dubi inda yake zaton ƙasa ce. Ba ranar kasuwa ba ce, gawa kuma ba ta jira. Liman ya kwance rawaninsa, tsoho ne har ya fara ja, aka haɗa da abin da ya rage. Matar da ta yi shekaru tana kaɗin abin da za ta tafi da shi, da rawanin aro aka ƙarasa rufe ta. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta gama gari, kuma mutane sun samo wa kansu amsa: an sayar. Ɗanta ya kai likkafanin uwarsa kasuwa da yunwa ta yi tsanani, sun ci.

Da yamma mahaifinku ya durƙusa gaban Baba ya ce a bar shi ya faɗi gaskiya.

Baba ya ce, “Wace za su fi yarda da ita? In sun ce mun sayar, yunwa ce, kowa ya san abin da ya yi a cikinta. In ka ce mun ƙona a bindiga, gobe ba mai cin abincin gidan nan, ɗanka kuma ba mai ba shi mata. Zaɓi wadda za ka iya ɗauka.”

Ya zaɓa. Ko Baba ya yi daidai, ban sani ba. Wataƙila da an faɗa, liman zai fahimta. Wataƙila kuma a’a. Ni dai na ga yadda aka yi da wasu a kan abin da bai kai wannan ba.

Ranar sadakar uku na daka gumba da geron gonar gindin dutse. Mutane suka cika zaure, har da masu maganar, suka ci, suka yi addu’a. Mahaifina ya zo daga Safana a kan keke. Bayan an shafa ya sa aka kira ni bayan ɗaki. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa gumba a faifai.

Ya ce, “Zainabu, na ji wata magana a zaure. An ce mijinki ya sayar da likkafanin mahaifiyarsa.”

Alkawari yana wuyana. Ƙarya kuma ban iya yi masa ba. Na ce, “Baba, yunwa aka yi.”

Ya dube ni, ya dubi faifan, bai taɓa ba. Ya ce Allah ya jiƙanta, ya tashi ya ja kekensa, bai yi sallama da mahaifinku ba. Ya ci gaba da karɓata in na je gida, yana sa muku albarka, amma bai sake taka ƙofar gidanmu ba, kuma in mahaifinku ya je gaishe shi, da kai yake amsawa. A haka ya rasu. Mahaifinku bai taɓa ce mini in je in wanke shi ba, ni ma ban taɓa ce masa ya yafe wa mahaifina ba. Muka bar abin a tsakaninmu kamar turmi a tsakar gida, kowa ya san inda yake, yana kewayewa.

Geron ya kai mu har wata damina. Da kununsa aka yaye yayanku. A shekarar an fitar da gawawwakin yara daga gidaje da yawa a garin, ba a fitar da kowa daga namu ba sai Inna. Yanzu Baba ya tafi, liman ya tafi, Gwaggo Hajo ta tafi, mahaifinku ma ya bi su da bakinsa a rufe, ba sauran wanda alkawarin zai kare. Na san an taɓa jifan wasunku da maganar a wajen wasa, kuka dawo kuna tambayata, na ce ku je ku wanke ƙafa. To in wani ya sake ce muku ’ya’yan wanda ya sayar da likkafanin uwarsa, ba sai kun yi faɗa ba. Ku ce masa ba a sayar ba. Ƙona shi aka yi, kamu-kamu, a bakin gona, kuma mai shi ce ta tufka da hannunta.